Adamu Halilu da Sana'ar Tace Fim: Daga Majigin Manoma zuwa Shaihu Umar

GABATARWA

Duk wanda ya kama hanyar Zariya daga Kano cikin watan Janairu, da ya wuce Kura ya doshi Kadawa zai ga abin da kakanninsa ba su saba gani ba a wannan lokaci na shekara, watau gonaki kore shar dama da hagun, alhali kuwa rabon ƙasa da ruwan sama ya kai wata uku. Ruwan da ke raya waɗannan gonaki daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda Gwamnatin Jihar Kano ta gina a zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala ta cikin 1974. Daga can manyan hanyoyin ruwa suke ɗauko shi, su rarraba wa ƙanana, har ya isa fangalin manomi a ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam.

Aikin injiniyoyi a fili yake, kowa yana ganinsa. Amma akwai wani aiki da ya fi zuba kankare wuya, shi ne shawo kan manomin da ya gaji jigo da noman fadama daga ubansa, har ya yarda ya shuka alkama a kan kari, ya jira ranar da ruwa zai zo layinsa, ya kuma san iyakar abin da gona take bukata. A duk faɗin Arewa, tun kafin a haƙa harsashin Tiga, gwamnati da abubuwa uku ta dogara wajen irin wannan jan hankali: malamin gona, da rediyo, da majigi.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba mutanen da suke bayan majigin nan, musamman wanda yake zama cikin ɗaki shi kaɗai yana yanka hotuna yana haɗawa. Za a yi haka ne ta bin rayuwar marigayi Alhaji Adamu Halilu, wanda ya taso cikin aikin finafinan wayar da kai na Gwamnatin Jihar Arewa, daga bisani ya ba da umarnin fim ɗin Shaihu Umar cikin 1976. Abin da ake so ɗalibi da ma'aikaci su riƙe shi ne, kyamara tara hotuna kawai take yi, a teburin tacewa ne ake yanke shawarar abin da jama'a za su gani da abin da ba za su gani ba. Saboda haka wannan sana'a amana ce.

MAJIGI DA SILIMA

Hoto mai motsi ta ƙofa biyu ya shigo ƙasar Hausa, kuma Hausawa sun ba kowace ƙofa sunanta. Ta farko ita ce silima, watau gidan kallo na kuɗi, irin su Rex da aka buɗe a Kano cikin 1937, da Palace da ta biyo baya cikin 1952. Yawancin masu waɗannan gidaje Kwarori ne, finafinan da suke nunawa kuwa na Amurka ne da na Ingila, daga baya na Indiya suka mamaye. Dattawan birni ba su ɗauki silima wurin mutunci ba, gobarar da ta tashi a silimar El Duniya cikin 1951, wadda ta ci rayuka 331, ta ƙara ƙarfafa musu wannan ra'ayi.

Ƙofa ta biyu ita ce majigi. Shi majigi na hukuma ne, kyauta ake nuna shi, kuma shi yake zuwa ya tarar da mutane a garinsu. Mota takan iso da la'asar ɗauke da injin wuta da na'urar haska hoto da lasifika. Ma'aikata su je su gai da hakimi ko dagaci, a sa sanƙira ya yi shela. Bayan sallar lisha sai a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin makaranta, gari ya hallara, yara a gaba, manya a baya, mata a gefe. Akan fara da labarun ƙasa, a ga sarakuna da manyan gwamnati suna buɗe asibiti ko gada, sa'an nan a shiga darasin ranar, ko na tsabta, ko na allurar shanu, ko na takin zamani. Mai sharhi yana tsaye da lasifika yana fassara abin da ake gani, yana sa barkwanci inda ya ga hankali ya fara watsewa. Daga cikin finafinan wannan zamani babu wanda ya zauna a bakin mutane kamar Baban Larai, wanda aka yi cikin shekarun 1950 don koyar da noma irin na zamani.

Tushen wannan tsari yana komawa ga wani jami'in kiwon lafiya Bature mai suna William Sellers, wanda ya yi aiki a Ikko, ya riƙa amfani da fim wajen yaƙi da annoba. Cikin 1939 aka kafa sashen finafinan ƙasashen mulkin mallaka a Landan, aka ba shi shugabancinsa. Sellers ya shimfiɗa ƙa'idojin da ya ce dole a bi in za a yi wa mutumin ƙauyen Afirka fim: a tafi a hankali, kada a tsallake wani mataki, kada a yi wasa da kyamara, kada a bar wa mai kallo wani giɓi da zai cike da tunaninsa. Dalilinsa shi ne wai idon baƙauye ba zai iya bin hoton da aka yanka aka tsallaka ba.

A cikin wannan ra'ayi akwai raini, kuma tarihi ya ƙaryata shi. Mutanen da tun suna yara suke bin tatsuniyar Gizo, wadda takan bar wannan ta koma kan wancan sa'an nan ta dawo, ba su rasa basirar bin labari ba. Su ne kuma suka cika gidajen silima suna bin finafinan Indiya na awa uku ba tare da jin ko kalma ɗaya ba. Amma duk da haka waɗannan ƙa'idoji su ne makarantar da ma'aikatan fim na farko a Nijeriya suka tarar. Sa'ad da aka ƙarfafa mulkin jihohi uku cikin 1954, kowace jiha ta sami sashen fim nata, na Arewa yana Kaduna a ƙarƙashin ma'aikatar watsa labarai. Aikin da ya faɗa wa 'yan ƙasa shi ne su ɗauki abin da yake da amfani cikin wannan gado, watau bayani dalla-dalla, su yar da rainin.

MENE NE TACE FIM?

Kalmar tacewa tana da ma'ana biyu a bakin masu sana'ar fim, ya kamata a bambance su. Akwai tacewa irin ta hukuma, kamar wadda Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, da aka kafa cikin 2001, take yi, watau duba fim bayan an gama shi don a ga ko ya saɓa wa doka. Akwai kuma tacewa ta sana'a, watau zaɓen hotuna da yanka su da jera su har su zama labari. Wannan ta biyu ita ake nufi a nan.

Mutumin Kura ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane wannan aiki, domin garinsu ya shahara da turkuɗi da rawani ɗan Kura, waɗanda fatake suka daɗe suna kai wa Buzaye cikin Sahara. Masaƙi siraran ƙyallaye yake saƙawa, babu wanda zai iya naɗa ko ɗaya daga cikinsu a ka. Sai maɗinki ya jera su ya haɗa baki da baki, sa'an nan a kai marina, daga nan a kai mabuga. In ɗinkin ya yi kyau, mai saye ba ya lura da shi, rawani kawai yake gani. To, mai ɗaukar hoto shi ne masaƙi, mai tacewa shi ne maɗinki.

A zamanin da Adamu Halilu ya koyi aiki, fim zare ne na roba mai faɗi, ɗauke da ƙananan hotuna a jere. Hoto 24 ne suke wucewa gaban fitila cikin kowace daƙiƙa, shi ya sa ido yake ganin motsi. Zaren iri biyu aka fi amfani da shi: mai faɗin milimita 35 na gidajen silima, wanda yake cin ƙafa 90 a minti ɗaya, da mai faɗin milimita 16 wanda motocin majigi suka fi ɗauka, mai cin ƙafa 36 a minti. Abin da ake ɗauka kuwa yakan ninka abin da za a nuna sau da yawa, domin akan maimaita fitowa ɗaya har sai ta yi daidai.

In an gama ɗauka sai a aika da zaren a wanke, galibi a Ingila. Uwar hoton, watau ainihin zaren da ya fito daga kyamara, ba a taɓa ta tukuna. Kwafi ake bugowa a ba mai tacewa. Shi kuma ya ɗora a kan na'ura irin su Moviola ko teburin Steenbeck, ya riƙa kai gaba yana komawa baya, yana yin alama da fensir, ya yanka, ya liƙa, ya rataye guntayen da ya cire da lambobinsu don kada su ɓace. Murya a kan wani zare dabam take, dole ya daidaita ta da motsin baki. Wannan ne amfanin allon nan mai baki biyu da ake bugawa a gaban kyamara kafin a fara: inda aka ga ya haɗe a hoto, nan ake ɗora ƙararsa. Sai an gamsu da kwafin nan sarai sa'an nan ake yanka uwar hoto a kan ma'auninsa, kuma wannan yanka ba ya komuwa.

Amma duk wannan aikin hannu ne. Asirin sana'ar shi ne, hoto yana samun ma'anarsa daga wanda yake maƙwabtaka da shi. Wani malamin fim na Rasha, Lev Kuleshov, ya gwada wannan wajen 1920. Ya ɗauki fuskar wani ɗan wasa wadda ba ta nuna komai, ya haɗa ta da kwanon miya, ya sake haɗa ta da gawa cikin akwati, ya sake haɗa ta da wata mace. Masu kallo suka ga yunwa a ta farko, baƙin ciki a ta biyu, sha'awa a ta uku, alhali fuska ɗaya ce ba ta canja ba. Wanda ya riƙe almakashi, ashe, yana iya sa wa mutum magana a baki ba tare da ya furta ba.

MISALI DAGA GONAKIN KADAWA

Don a ga yadda wannan yake aiki, a ƙaddara an ce wa ma'aikaci ya shirya fim na minti goma a kan ban ruwan alkama, don a nuna wa manoman Kura da Bunkure. Alkama ana shuka ta ne da shigowar sanyi, wajen Nuwamba, a girbe ta wajen Maris. Ga wata huɗu ke nan da za a dunƙule cikin minti goma. Tambaya ta farko ita ce, da me za a fara? Babban ma'aikaci zai so a fara da madatsar Tiga da manyan baƙi. Manomi kuwa ba zai miƙe zaune ba sai ya ga mutum irinsa tsaye a gona irin tasa. Mai tacewa da ya san jama'arsa da manomin zai fara, sa'an nan ya bi ruwan baya-baya har inda ya fito.

Tambaya ta biyu ita ce, ina za a gaggauta, ina za a tsaya? Girman alkama daga tsiro zuwa zangarniya ana iya wuce shi da hoto huɗu, domin kowa ya san yadda shuka take girma. Amma yadda ake tsoma lanƙwasasshen bututu cikin hanyar ruwa, a toshe bakinsa da tafin hannu, a ja shi a ɗora kan kunya har ruwa ya kama zuba da kansa, wannan dole a nuna shi ɗungum daga farko har ƙarshe, a kusa, ba yanka. In aka yanka a tsakiya, wanda zai gwada gobe da safe ya rasa matakin da ya fi bukata. Tafiya a hankali a nan ba raini ba ce, ladabin koyarwa ne. Sa'an nan in ana so a nuna illar cika ruwa, ba sai an yi wa'azi ba. A ajiye gonar da ta yi ɗorawa saboda kwanciyar ruwa kusa da wadda aka shayar daidai, mai kallo zai yanke hukunci da kansa.

Tambaya ta uku ita ce mafi nauyi: me za a bari a waje? Tafkin Tiga ya ci gonaki da garuruwa, an ta da mutane daga mazauninsu. Tsargiya tana bin ruwan da yake kwance. Can ƙasa kuma, a fadamun Haɗeja da Nguru, ambaliyar da masunta da makiyaya da manoman shinkafa suka dogara da ita ta ragu bayan an datse kogin. A Bakolori ta ƙasar Sakkwato, rikicin diyyar gonaki ya kai ga arangama tsakanin manoma da 'yan sanda cikin Afrilu 1980, aka yi hasarar rayuka masu yawa. Fim ɗin da ya nuna buhunan alkama kaɗai, ko da kowane hoto a cikinsa gaskiya ne, jimlarsa ba ta cika gaskiya ba. Wannan shi ne tsaka mai wuyar da duk mai tace fim ɗin gwamnati yake ciki: mai biyansa albashi yana son yabo, mai kallonsa yana bukatar sani. Manomi kuwa ba a ruɗinsa sau biyu. In majigi ya yi masa alkawarin da gona ba ta cika ba, in mota ta dawo baɗi kallo kawai zai zo yi.

ADAMU HALILU

An haifi Adamu Halilu cikin 1936 a ƙasar Adamawa. Ya shiga aikin fim ta ƙofar gwamnati, kamar sauran tsararrakinsa, ya kuma sami horo a Landan da birnin Rum a kan fannoni biyu, rubuta labarin fim da tace shi. Wannan haɗi abin lura ne. Marubuci shi yake tsara labari kafin a ɗauki hoto ko ɗaya, mai tacewa shi yake sake tsara shi bayan an ɗauki duka. Wanda ya iya biyun, in ya tsaya a bayan kyamara yana ba da umarni, ya riga ya san inda kowane hoto zai zauna, ba ya ɓarnar zare. A ƙasar da kowace ƙafa ta zare daga waje ake sayo ta, wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Shekaru masu yawa ya yi yana aikin finafinan wayar da kai da na tarihin al'amuran ƙasa, har yawansu ya kai wajen 70. Daga cikinsu akwai Mama Learns a Lesson na 1963, wanda aka bi da darasinsa ta hanyar wasan kwaikwayo maimakon lacca tsagwaronta. Sunayen irin waɗannan finafinai da Turanci ake rubuta su a takardun ofis, amma a filin majigi da Hausa suke isa kunnen jama'a.

Masu nazarin adabi sukan raina irin wannan aiki, su ce ba fasaha ba ce, saƙon hukuma ne. Amma a nan ne Halilu ya koyi abin da makarantar Turai ba ta koyarwa. Ya koyi aiki da mutanen da ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Ya koyi hasken rana na ƙasar Hausa, da ƙurar hunturu. Ya koyi yadda Bahaushe yake gaisuwa, da cewa in aka datse gaisuwa tsakanin talaka da basarake don a rage tsawon fim, mai kallo zai ga rashin ladabi ne, ba zai ga gwaninta ba. Ma'aunin saurin fim ba ɗaya ba ne a ko'ina, daga rayuwar masu kallo ake ɗaukarsa.

SHAIHU UMAR

Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito ne daga gasar ƙaga labarai da Rupert East ya shirya cikin 1933, gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Bayan rasuwar marubucin cikin 1966, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da littafin wasan kwaikwayo. Da Nijeriya ta tashi shirin bikin al'adun baƙar fata na duniya, watau FESTAC, wanda aka yi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu 1977, sai Gwamnatin Tarayya ta ɗauki nauyin mai da labarin fim, aka danƙa wa Adamu Halilu. An yi shi da Hausa, mai launi, tsawonsa minti 142, Umaru Ladan ne ya fito a matsayin Shaihu Umar.

Labarin sananne ne ga duk wanda ya yi makaranta a Arewa. Almajirai sun tambayi malaminsu asalinsa, shi kuwa ya ba su labari. An haife shi a Kagara, mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta auri Makau, makirci ya sa aka kori Makau daga gari. Aka sace yaron, ya bi ta hannu daban-daban har ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya ƙetare Sahara da shi ya riƙe shi kamar ɗa, ya ba shi ilmi. Uwar ta fita nemansa, ita ma aka kama ta aka bautar. Ba su sadu ba sai tana gab da cikawa.

In aka dubi wannan labari da idon mai tacewa za a ga matsaloli uku. Ta farko, labari ne cikin labari: dattijo yana zaune a gaban almajiransa, abin da yake faɗa kuwa ya faru shekaru da yawa baya, dole mai kallo ya san kowane lokaci a wane zamani yake. Ta biyu, hanya biyu ce take tafiya tare, ta ɗa da ta uwa, in aka daɗe a kan ɗaya aka manta da ɗayar, saduwarsu ta ƙarshe ba za ta taɓa zuciya ba. Ta uku, yaro yana girma ya zama saurayi ya zama malami, 'yan wasa suna canjawa, amma dole a yarda mutum ɗaya ne. Littafi yana warware waɗannan da jimla guda. A fim kuwa sai an warware su da jerin hotuna. Shekarun da Halilu ya yi yana dunƙule damina guda cikin minti goma su ne suka shirya shi ga dunƙule rayuwar mutum cikin awa biyu da 'yan mintoci.

Akwai kuma ƙarfin hali cikin zaɓen labarin. Bikin da aka yi fim ɗin dominsa na alfahari da al'ada ne, amma abin da fim ɗin ya ajiye a gaban baƙi shi ne cinikin bayi na cikin gida da na Sahara, hanyar da turkuɗin Kura ya bi ita ce bayi suka bi. Bayan wannan Halilu ya yi Kanta of Kebbi cikin 1978, a kan Muhammadu Kanta, jarumin ƙarni na 16 wanda ya kafa daular Kabi ya yi tsayayya da Songhai. Wannan fim bai sami yawo cikin jama'a yadda ya kamata ba.

HUKUMA, TALABIJIN DA BIDIYO

Cikin 1979 aka yi dokar kafa Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wadda mazauninta yake Jos, Adamu Halilu ne ya zama babban manajanta na farko. Burin shi ne ƙasa ta riƙa wanke zarenta da kanta, ta horar da ma'aikatanta. Amma zamani ya riga ya juya. Kuɗin mai ya ja baya, darajar naira ta faɗi bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, sayen zare da wanke shi a waje ya gagari kowa.

A gefe guda kuma talabijin tana ta bunƙasa. An buɗe ta Kaduna cikin 1962, aka haɗa tashoshin ƙasa a ƙarƙashin NTA cikin 1977, Jihar Kano ta buɗe tata, CTV, a zamanin Gwamna Abubakar Rimi. Wasanni irin su Samanja na Usman Baba Pategi suka shiga gidaje. A talabijin an bar almakashi, sai kwafe hoto daga kaset zuwa kaset. Daga nan bidiyo ya sauko hannun ƙungiyoyin wasan kwaikwayo, aka yi Turmin Danya a Kano cikin 1990, masana'antar da aka laƙaba wa suna Kannywood ta kafu. Yau da kwamfuta ake tacewa, har da wayar hannu, kuma in an yi kuskure ana iya komawa baya ba hasarar komai. Kayan aiki sun sauƙaƙa, amma tambayoyin nan uku, da me za a fara, ina za a tsaya, me za a bari a waje, suna nan yadda suke. Adamu Halilu ya rasu cikin 2001, lokacin da finafinan Hausa suka cika kasuwa, nasa kuwa ba mai iya ganinsa.

ƁACEWA DA SAMUWA

Shekaru da yawa an ɗauka Shaihu Umar ya ɓata. Zaren fim ba ya jure zafi da laima. In aka bar shi cikin gwangwani a ɗakin da ba sanyi, sai ya fara wari mai tsami, ya motse, launinsa ya koɗe, daga ƙarshe ya manne ya zama dunƙule. Haka dubban gwangwanaye na finafinan gwamnati suka zauna ba mai leƙa su. Masu kishin abin, irin su Didi Cheeka na Ikko, suka yi ta jan hankali a kai. Cikin 2016 aka gano uwar hoton Shaihu Umar da kwafinsa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai. Cibiyar Arsenal ta birnin Barlin ta gyara shi da taimakon ofishin jakadancin Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Barlin cikin 2018, shekara 42 bayan yin sa. Cikin 2019 kuma Jami'ar Jos ta fara kwas na digiri na biyu a kan adana finafinai.

Wannan ya tsira ne domin sunan Tafawa Ɓalewa yana kansa. Ƙananan finafinan majigi ba su da mai nemansu, alhali kuwa a cikinsu ne kamannin ƙauyukan Arewa suke, da kasuwanninsu da gonakinsu da fuskokin mutanensu, kafin kwalta da kankare su canja su.

KAMMALAWA

Daga rayuwar Adamu Halilu ana iya ɗaukar abu uku. Ga ɗalibi mai sha'awar fim, hanyar zama mai ba da umarni ta teburin tacewa take bi, kuma ƙaramin aiki na koyar da manomi ba abin ƙyama ba ne, a nan hannu yake faɗawa. Ga ma'aikacin da yake ba da kwangilar fim ko shirin talabijin a kan wani aikin raya ƙasa, ya bar wa mai tacewa sarari ya nuna wahala tare da nasara, domin yardar manomi ta fi yabon rana ɗaya tsada. Ga hukumomi kuma, aikin fim bai ƙare ba ranar da aka nuna shi. Kowace ma'aikata da take da tsofaffin gwangwanaye ko kaset a sito, ya kamata ta sa a ƙirga su, a rubuta abin da yake ciki, a miƙa su ga waɗanda suka san yadda ake adana su. Jikokin manoman da suka fara karɓar ruwan Tiga a Kura da Bunkure suna da hakkin su ga yadda ƙasarsu take a ranar da ruwan ya fara isowa, in har akwai zaren da ya riƙe wannan rana.